Imamu Malik Ɗan Anas: Ya Sha Bulala Kan Sakin Tilas, Ya Kuma Ƙi A Tilasta Wa Mutane Littafinsa

 

Da wuya a sami gidan Musulmi a ƙasar Hausa da sunan Imamu Malik bai shiga cikinsa ba. Yaron da ya fara Ahalari a zauren malam, da magidancin da ya je neman fatawa kan rantsuwar da ta kuɓuce masa, da alƙalin da yake raba gado, duk a inuwar mazhabarsa suke zaune. Sai dai sanin suna daban, sanin mutum daban. Da yawa daga cikinmu mun haddace cewa shi ne mai Muwaɗɗa, kuma Imamin Gidan Hijira, amma ba mu san an tuɓe masa riga an yi masa bulala a cikin garin Madina ba, saboda wata mas'ala guda ta babin saki da aka so ya yi shiru a kanta ya ƙi. Cikin waɗanda suka san wannan ma, kaɗan ne suka san cewa daular da ta doke shi ta dawo daga baya ta ba shi damar ɗora littafinsa a wuyan al'umma gaba ɗaya da ƙarfin mulki, bai karɓa ba.

A yau idan ana maganar 'yancin faɗin albarkacin baki da 'yancin addini, hankali yana tafiya ne ga kundin tsarin mulki, kamar yadda sashe na 38 da na 39 na kundin Najeriya na 1999 suka tanadi waɗannan haƙƙoƙi. A zamanin Malik babu wani kundi irin wannan. Abin da yake kare harshen mutum da zuciyarsa daga mai mulki shi ne ƙa'idojin fiƙihu, da malaman da za su yarda su wahala a kansu. Ƙa'idar da rayuwar Malik ta fi fito da ita fili kuwa ita ce, abin da aka karɓa daga bakin mutum da tilas ba ya ɗaure shi. Ya riƙe ta a ranar da bulala take hannun wani, ya kuma riƙe ta a ranar da aka so danƙa bulalar a hannunsa.

An haifi Malik ɗan Anas ɗan Malik ɗan Abu Amir a Madina a shekara ta 93 bayan Hijira bisa zance mafi shahara, wato wajen 711 Miladiyya. Ɗalibai su kula, mahaifinsa ba shi ne Anas ɗan Malik hadimin Annabi (SAW) ba, sunaye ne suka yi kama. Asalin gidansu mutanen Yaman ne daga ƙabilar Zu Asbah, shi ya sa ake ce masa Al-Asbahi. Kakansa Malik ɗan Abu Amir babban Tabi'i ne, kuma yana cikin 'yan tsirarun da suka ɗauki gawar Halifa Usman (RA) da dare suka kai ta makwanci, a lokacin da tsoron 'yan tawaye ya hana jama'a fitowa. Wato tun kafin a haife shi gidansu ya san abin da fitinar mulki take jawowa.

Mahaifiyarsa Aliya 'yar Sharik ita ta sa masa tufafin ɗalibai ta naɗa masa rawani, ta tura shi wajen Rabi'a ɗan Abu Abdurrahman, tare da yi masa wasiyyar ya fara ɗaukar ladabin malamin kafin iliminsa. Daga nan ya lazimci Ibnu Hurmuz shekara bakwai. Ya riƙa tsayawa cikin zafin rana yana jiran Nafi'u, 'yantaccen bawan Abdullahi ɗan Umar, ya fito daga gida don ya tambaye shi hadisi da fatawoyin maigidansa. Wannan silsila ta Malik daga Nafi'u daga Ibnu Umar ita ce Imamu Buhari ya ɗauka a matsayin mafi ingancin isnadi, malamai suka yi mata laƙabi da sarƙar zinare. Ya karanta wajen Ibnu Shihab Az-Zuhri, da Yahaya ɗan Sa'id Al-Ansari, da Hisham ɗan Urwa, da Ja'afar As-Sadiƙ. Neman ilimi ya taɓa kai shi ga cire azarar rufin ɗakinsa ya sayar. Bai bar Madina ba sai don aikin Hajji, domin a lokacin duk mai neman ilimi Madina yake nufa.

Bai zauna don ba da fatawa ba sai da malamai saba'in suka shaida ya cancanta. Da ya zauna kuma, sai ya shahara da abin da ba kasafai malamai suke son a san su da shi ba, wato yawan amsawa da cewa bai sani ba. An ruwaito cewa an taɓa yi masa tambayoyi 48, ya amsa 32 daga ciki da rashin sani. Idan zai karantar da hadisi sai ya yi wanka ya sa turare, ya zauna da natsuwa. Ba ya hawa dabba a cikin Madina don girmama ƙasar da jikin Manzon Allah (SAW) yake kwance a cikinta. Na kawo wannan ne don mai karatu ya gane cewa mutumin da za a doka nan gaba ba mai sakin baki ba ne, ba kuma mai neman rigima da hukuma ba. Mutum ne mai auna kowace kalma, wanda shiru ya fi magana yawa a majalisinsa.

Yana da kimanin shekara 39 daular Banu Umayya ta faɗi a shekara ta 132, Abbasiyawa suka hau. Halifansu na biyu, Abu Ja'afar Al-Mansur, wanda ya hau a 136, mutum ne mai basira da tsananin kishin kujerarsa. A wancan zamani mubaya'a ta riga ta canja kama. A zamanin Annabi (SAW) da Halifofi shiryayyu musafaha ce da alkawari. Tun daga zamanin Hajjaju ɗan Yusuf sai aka shigar da rantsuwoyi masu nauyi cikinta: a sa mutum ya rantse cewa idan ya warware mubaya'a matansa sun saku, bayinsa sun 'yantu, dukiyarsa ta zama sadaka. Dubi dabarar, ya ɗan'uwa. Mai mulki ya san ba zai iya tsare kowa da takobi ba, sai ya ɗaure mutane da igiyar aurensu. Duk wanda ya yi tunanin juya baya sai ya tuna cewa matar da take ɗakinsa za ta haramta gare shi. An mayar da tsoron Allah da ke zukatan bayi ya zama dogarin sarki.

Malik kuwa yana da wani labari da yake ruwaitowa daga bakin wanda abin ya faru da shi, kuma yana nan cikin Muwaɗɗa a littafin saki. Wani mutum mai suna Sabit ɗan Ahnaf ya auri wata mata wadda a da kuyangar Abdurrahman ɗan Zaidu ɗan Haɗɗabi ce, har ta haifa masa. Ɗan Abdurrahman ɗin, mai suna Abdullahi, bai ji daɗin auren ba, sai ya aika a kira Sabit. Da ya shiga sai ya tarar an ajiye bulalai da mari biyu na ƙarfe, ga bayi biyu an zaunar suna jira. Aka ce masa ya sake ta ko ya ga abin da zai same shi. Tsoro ya sa ya furta saki har dubu. Da ya fita sai ya riski Abdullahi ɗan Umar (RA) a hanyar Makka ya ba shi labari. Ibnu Umar ya fusata, ya shaida masa wannan ba saki ba ne, matarsa ba ta haramta gare shi ba, ya koma ga iyalinsa. Zuciyar Sabit ba ta kwanta ba sai da ya je wajen Abdullahi ɗan Zubair (RA), wanda yake riƙe da mulki a Makka a lokacin. Shi ma ya ba shi amsa iri ɗaya, ya kuma rubuta wa gwamnansa na Madina, Jabir ɗan Aswad, ya hukunta wanda ya yi tilascin, ya bar mutum da matarsa. Safiyya matar Ibnu Umar ita ta shirya amaryar, Ibnu Umar da kansa ya halarci walima.

Hujjar wannan hukunci a bayyane take. Allah Maɗaukakin Sarki, a aya ta 106 ta Suratun Nahli, Ya ɗauke laifi daga wanda aka tilasta ya furta kalmar kafirci alhali zuciyarsa tana natse da imani, kamar yadda ya faru da Ammar ɗan Yasir (RA) a hannun Ƙuraishawa. Idan kalmar kafirci, wadda ta fi kowace kalma nauyi, ba ta raba mutum da imaninsa idan da tilas ta fito, ta yaya kalmar saki za ta raba shi da matarsa? A kan wannan Malik ya tsaya, Shafi'i da Ahmad suka tafi a kai daga baya. Imamu Abu Hanifa da mutanen Kufa sun ga cewa sakin wanda aka tilasta yana aukuwa, kuma saɓani ne na ijtihadi da aka sani. Amma duk mai hankali a fadar Abbasiyawa ya fahimci inda maganar Malik take kaiwa. Idan sakin tilas ba saki ba ne, to rantsuwar mubaya'ar da aka karɓa da takobi ba ta da igiyar da za ta riƙe kowa.

A watan Rajab na shekara ta 145, shekarar da Al-Mansur ya fara gina Bagadaza, Muhammadu ɗan Abdullahi ɗan Hasan, tattaɓa-kunnen Sayyidina Hasan (RA) wanda ake wa laƙabi da An-Nafsuz Zakiyya, ya yi tawaye a Madina. Ɗabari ya kawo cewa mutane sun je wa Malik suna tambaya ko ya halatta su bi shi alhali mubaya'ar Abu Ja'afar tana wuyansu. Ya amsa musu cewa da tilas suka yi ta, kuma babu rantsuwa a kan wanda aka tilasta. Jama'a suka yi rububin bin Muhammadu, shi kuwa Malik ya lazimci gidansa. Tawayen bai yi nisa ba. Rundunar Isa ɗan Musa ta iso, aka kashe Muhammadu a watan Ramadan na wannan shekara, aka kuma kashe ɗan'uwansa Ibrahim da ya tashi daga Basra.

Bayan ƙura ta lafa aka naɗa Ja'afar ɗan Sulaiman, ɗan baffan Halifa, gwamnan Madina. Masu hassada, waɗanda ba a rasa su a kusa da kowane malami da Allah Ya ɗaukaka, suka kai masa sara cewa Malik ba ya ɗaukar rantsuwoyin mubaya'arsu a bakin komai, kuma yana kafa hujja da labarin Sabit ɗan Ahnaf. A wata ruwayar an fara hana shi faɗin mas'alar, sannan aka turo wanda zai tambaye shi a bainar jama'a don a gani ko zai kauce. Bai kauce ba. A shekara ta 146 ko 147 aka kawo shi, dattijo mai shekara hamsin da 'yan kai, aka tuɓe shi aka yi masa bulala, aka finciki hannunsa har kafaɗarsa ta goce.

A nan ya kamata a tsaya a yi tunani. Malik bai ɗauki makami ba, bai hau mumbari ya zagi Halifa ba. Abin da aka nema a wajensa kaɗan ne a ido: ya tsallake ruwaya ɗaya idan ya zo kanta. Da ya yi haka babu wanda zai zarge shi, tunda shi ne mutumin da ya saba amsawa da cewa bai sani ba. Amma wannan ya sani, kuma ɓoye abin da aka sani don tsoron mai mulki wani abu ne daban da yin shiru kan abin da ba a sani ba. Madina ta riga ta ga irin wannan, domin Sa'id ɗan Musayyib ya sha bulala a hannun gwamna Hisham ɗan Isma'il lokacin da ya ƙi yi wa 'ya'yan Abdulmalik biyu mubaya'a. Masu tarihi sun haɗu a kan cewa dukan bai rage wa Malik komai ba, sai ma ƙara masa girma da ya yi a idon mutane. Da Al-Mansur ya zo Hijaz ya ba shi haƙuri, ya barranta kansa daga abin da gwamnan ya yi, ya kuma ba shi damar ramawa. Malik ya yafe, yana mai duba dangantakar Ja'afar da gidan Annabi (SAW).

Bari in ɗan ratse. Akan ji wasu suna cewa gocewar kafaɗar nan ce ta sa Malik yake sakin hannu a salla. Maganar ta yaɗu a bakin mutane, amma mas'alar ta fi haka faɗi, domin Muwaɗɗa ta kawo hadisin ɗora dama a kan hagu, Mudawwana kuma ta kawo daga Ibnul Ƙasim cewa Malik bai so haka a farilla ba, malaman mazhaba suka yi ta bayanin dalili. Abin da yake ba ni mamaki shi ne yadda ƙabalu da sadalu suka taɓa raba masallatai da zumunci a ƙasar nan, kowane ɓangare yana jingina ga sunan Malik, alhali ga abin da shi ya yi lokacin da aka ba shi damar haɗa kowa a kan ra'ayinsa.

Al-Mansur yana da wata damuwa ta gaske. Daula ta yi faɗi, alƙalai kuma suna yanke hukunce-hukunce masu karo da juna, abin da aka halatta a wannan gari an haramta shi a wancan. Marubucin nan Ibnul Muƙaffa ya riga ya rubuta masa wasiƙa yana ba shi shawarar ya tattara hukunce-hukuncen, ya zaɓi abin da ya ga dama, ya mayar da shi doka ɗaya da kowane alƙali zai bi. Ibnu Sa'ad ya kawo cewa da Al-Mansur ya yi Hajji ya gaya wa Malik niyyarsa ta sa a kwafi littafinsa, a aika kowane babban birni da kwafi, a umarci mutane su yi aiki da shi su bar waninsa. Akwai ruwayar da ta danganta irin wannan tayi ga Haruna Ar-Rashid, har da cewa za a rataye Muwaɗɗa a jikin Ka'aba. Amsar Malik ɗaya ce. Ya nuna cewa sahabban Annabi (SAW) sun warwatsu a garuruwa, kowane gari ya karɓi abin da ya iso masa na hadisi da fatawa, ya yi aiki da shi ya bauta wa Allah a kansa, kuma raba mutane da abin da suka ƙudurce abu ne mai tsanani, don haka a bar kowace ƙasa da abin da ta zaɓa wa kanta.

A ganina wannan jarrabawa ta fi ta bulala wuya. Wanda ake duka ya san inda zafi yake fito masa. Wanda aka ce za a ɗaukaka littafin da ya shafe shekaru yana tacewa ya zama dokar duniyar Musulmi kuwa, Shaiɗan yana da ƙofa mai faɗi ta shigar masa, domin zai ce masa ai Sunna za ka yaɗa. Kada kuma a zaci Malik ya ƙi ne don yana shakkar abin da yake kai. Wasiƙar da ya rubuta wa Laisu ɗan Sa'ad, babban malamin Masar, tana nan, inda ya yi masa nasiha kan fatawoyin da suka saɓa wa aikin mutanen Madina, yana kafa hujja da cewa a Madina aka saukar da hukunce-hukunce, sauran mutane mabiya ne gare ta. Laisu ya mayar masa da doguwar amsa cikin ladabi, ya saɓa masa a mas'aloli irin su haɗa salla a daren ruwan sama da yanke hukunci da shaida ɗaya tare da rantsuwa. Abota ta ci gaba a tsakaninsu har Laisu ya rasu a 175. Wato Malik yana ganin shi ne a kan daidai, yana kuma faɗa da alƙalami, amma bai yarda a ara masa takobin Halifa don ya ci gardama ba.

Albarkar wannan ta bayyana a majalisinsa. Muhammadu ɗan Hasan Ash-Shaibani, almajirin Abu Hanifa, ya zauna wajensa shekara uku, ya ruwaito Muwaɗɗa yana bin bayan hadisai da ra'ayin mutanen Kufa, ya kuma wallafa littafi na musamman na raddi ga mutanen Madina. Shafi'i ya haddace Muwaɗɗa yana yaro, ya karanta ta gaban mai ita, daga baya ya rubuta wuraren da ya saɓa wa malaminsa. Da littafin ya zama dokar sarki, da waɗannan rubuce-rubuce biyu sun zama laifi.

Waɗanda ba Musulmi ba ma sun sami rabonsu. Mutanen tsibirin Ƙubrus Kiristoci ne da suke da yarjejeniya da Musulmi tun zamanin Mu'awiya (RA), suna biyan haraji ga Musulmi, suna kuma biya ga Rumawa. A zamanin Haruna Ar-Rashid aka zarge su da ha'inci, sai gwamnan kan iyaka Abdulmalik ɗan Salih ya so warware alkawarin. Abin lura shi ne bai zare takobi ba sai da ya rubuta wa malaman fiƙihu takwas, cikinsu da Malik da Laisu da Sufyanu ɗan Uyaina da Abu Ishaƙ Al-Fazari. Abu Ubaid a Kitabul Amwal da Balazuri a Futuhul Buldan sun adana amsoshin. Malik ya tunatar da shi cewa amanar tsohuwa ce, shugabannin da suka gabata sun kiyaye ta, kuma kada ya yi gaggawar warware ta sai hujja ta tsaya a kansu, yana mai dogaro da umarnin Suratut Tauba na cika wa masu alkawari alkawarinsu. Mafi yawan malaman sun karkata ga a riƙe amana, kada a kama jama'a da laifin ɗaiɗaiku.

Wannan ya dace da abin da ya zaɓa ya sa a Muwaɗɗa. A cikinta akwai wasiyyar Sayyidina Abubakar (RA) ga Yazidu ɗan Abu Sufyan, cewa ya ƙyale waɗanda suka keɓe kansu don bauta, kada ya kashe mace ko yaro ko tsoho. Akwai labarin Musulmi da Bayahude da suka kai ƙara gaban Sayyidina Umar (RA), ya ga gaskiya tana wajen Bayahuden ya yanke masa. A littattafan mazhaba kuma an tabbatar cewa Musulmin da ya auri Kirista ba shi da ikon hana ta zuwa cocinta, duk da cewa Malik bai so irin wannan aure ba, haka nan wanda ya zubar da giyar ɗan amana sai ya biya shi ƙimarta, ko da yake ita giyar ba ta da wata ƙima a wajen Musulmi.

Sai dai amanar ilimi ta hana mu yi wa Malik rigar da ba tasa ba. Shi ba mai kiran a bar kowa ya faɗi abin da ya ga dama ba ne, kamar yadda wasu suke fahimtar 'yanci a yau. Ya sa an fitar da mutumin da ya tambaye shi yadda daidaituwar Allah a kan Al'arshi take, bayan ya ba shi amsa. Ya ƙi jayayya a cikin addini ƙi mai tsanani. A Muwaɗɗa ya goyi bayan ra'ayin baffansa Abu Suhail da Halifa Umar ɗan Abdul'aziz cewa a nemi masu ƙaryata ƙaddara su tuba, in sun ƙi a hukunta su da takobi. Faɗin da ya yarda da shi yana cikin da'irar ijtihadi da haƙƙin masu amana, kuma hukunci a wajensa aikin hukuma ne bayan tsayuwar hujja, bai taɓa zama aikin taron jama'a a kan titi ba. Wanda ya ɗauki rabin mutumin ya bar rabi, ko wane rabi ne, bai yi masa adalci ba.

Alaƙarsa da sarakuna bayan bulalar ta zama ta girmamawa daga nesa. Yana shiga wajensu ya yi nasiha, yana karɓar kyautar Halifa, amma da Haruna ya nemi ya zo ya karantar da 'ya'yansa Al-Amin da Al-Ma'amun, sai ya nuna masa cewa ilimi zuwa wajensa ake yi. Da aka yi shawarar rushe Ka'aba a mayar da ita bisa ginin Ibnu Zubair, wanda Hajjaju ya canja, Malik ya hana, don gudun kada Ɗakin Allah ya zama abin wasan sarakuna, wannan ya gina wancan ya rushe.

Abin da ya guda game da littafinsa bai daɗe ba ya auku ta wata ƙofar. A shekara ta 218, shekara 39 bayan rasuwarsa, Al-Ma'amun ya ɗauki ra'ayin cewa Alƙur'ani halitta ne ya mayar da shi aƙidar hukuma, aka riƙa titsiye alƙalai da malaman hadisi a kai. Imamu Ahmad ɗan Hambali ya sha ɗauri da bulala a zamanin Al-Mu'utasim, fitinar ta ɗauki kimanin shekara goma sha biyar kafin Al-Mutawakkil ya ɗage ta. Abin da ya fi ciwo shi ne wasu daga mabiya Malik ɗin kansa, da mulki ya zo hannunsu a Andalus da Magrib, sun manta da amsar da ya ba Al-Mansur. An ƙone littattafan Ibnu Hazam a Ishbiliya. A shekara ta 503, zamanin Aliyu ɗan Yusuf ɗan Tashfin, an ƙone Ihya'u Ulumiddin na Gazali a Ƙurɗuba da fatawar wasu malaman fiƙihu. Da zamani ya juya Muwahhidawa suka karɓi mulki, sarkinsu Ya'aƙub Al-Mansur ya sa aka tara littattafan rassan mazhabar Malikiyya, har da Mudawwana, aka cinna musu wuta. Marubucin tarihi Abdulwahid Al-Marrakushi ya ba da labarin yadda ya ga ana kawo su kaya-kaya ana ƙonawa a birnin Fas.

Shi dai Malik bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Littafin da ya hana a tilasta wa kowa ɗalibai ne suka ɗauke shi a ƙafa. Yahaya ɗan Yahaya Al-Laisi ya kai shi Andalus, kuma ruwayarsa ce ta fi yaɗuwa har yau. Ibnul Ƙasim da Ibnu Wahab da Ashhab suka riƙe fiƙihunsa a Masar, Asad ɗan Furat da Sahnun suka kafa shi a Ƙairawan, inda daga baya Ibnu Abi Zaid ya rubuta Risalar da ta ƙetaro Sahara tare da fatake da malamai har ta iso zaurukanmu.

A ƙarshen rayuwarsa rashin lafiya ta tsare shi a gida, har ya daina fita masallaci, bai kuma tsaya yi wa kowa bayanin uzurinsa ba. Ya yi jinya ta 'yan makonni, ya rasu a watan Rabi'ul Awwal na shekara ta 179, daidai da 795 Miladiyya, yana da kimanin shekara 86. Gwamnan Madina na lokacin, wanda shi ma daga gidan Abbasiyawa yake, shi ya yi masa salla, aka binne shi a maƙabartar Baƙi'a. Allah Ya jiƙansa da rahama, Ya saka masa da mafificin alheri.